Shekara guda ina biyan kuɗin tono kakannin surukata

Surukata ta haura shekara tamanin, kuma duk abin da ta gada na tarihin gidansu bai wuce magana ɗaya ba: "Mu mutanen Norfolk ne, kullum a gonar wani muke." Norfolk lardi ne a gabashin Ingila. Sai hoto guda, na wani dattijo mai gashin baki riƙe da linzamin ƙaton doki, ba suna a bayansa, ba shekara. Ranar da babbar 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida wai ta rubuto salsalarta, ɓangarena da ka na zayyano mata har kaka na biyar, ɓangaren uwarta kuwa muka tsaya cak a kan mahaifin Mama, wato surukar tawa. Abin ya tsaya mini a rai. A daren na ɗauko katin banki na biya kuɗin shekara a ɗaya daga cikin manyan shafukan nan da ke sayar da damar duba tsofaffin takardun Ingila. Kuɗin ya haura fam 100. Yanzu shekarar ta cika.

Ba zan kira sunan kamfanin ba. Uku ne ko huɗu a kasuwar, hajarsu kusan iri ɗaya, domin takardun ba nasu ba ne. Na gwamnati ne da na coci-coci. Su dai sun ɗauki hotonsu, sun sa an kwafe sunaye, sun ɗora injin bincike a kai. Abin da ya same ni a nan yana iya samun wani a can.

Makon farko kamar wasa. Na fara da rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939, makonni kaɗan da ɓarkewar yaƙin duniya na biyu, wadda gwamnati ta yi don katin shaida da rabon abinci. Cikin minti biyar ga mahaifin Mama, da ranar haihuwarsa, da sana'arsa: mai kula da dawakin gona. A ƙarƙashin sunan matarsa akwai layi guda da aka shafe da baƙi, don ana rufe duk wanda bai cika shekara 100 da haihuwa ba, sai in an tabbatar ya rasu. Mama ta ɗora yatsa a kan baƙin layin ta ce, "Yayata ce nan." Wannan rajista tana da daraja fiye da yadda mutum zai zata, saboda takardun ƙidayar 1931 sun ƙone ƙurmus a gobarar 1942, ƙidayar 1941 kuma yaƙi ya hana a yi ta. In ka tsallake 1939, daga 1921 babu wani tudun dafawa sai 1951, ita kuwa tana kulle har ta cika shekara ɗari.

Ƙidayar 1921 ce ta fara nuna mini halin 'yan kasuwa. Ga sunan a jeri ina gani, na taɓa, sai aka ce matakin da na biya bai kai nan ba, in ƙara kuɗi. Na ƙara ina gunaguni. Amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin a waccan shekarar an tambayi kowa sunan wanda yake yi wa aiki da inda yake aikin. Ga ɗan ƙwadago wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karon farko ke nan da "gonar wani" ta zama gonar wane, mai suna, wadda muka nema a taswira muka same ta tana nan.

Wadda ta fi taɓa mu ita ce ta 1911. Ita ce ta farko da aka adana takardar da maigida ya cike da hannunsa, ba wadda malamin ƙidaya ya kwafa ba. Ga rubutun kakan Mama, manyan baƙaƙe a karkace, ka ga hannun da ya fi sabawa da garma a kan alƙalami. An tambayi shekarun aure, da 'ya'ya nawa aka haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. Ya rubuta 7, 5, 2. Mama ta yi shiru, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta san biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, baffanninta ne da gwaggonninta, amma ba ta taɓa jin akwai wasu biyu ba. "Ɗana," ta ce, "nemo mini su." An haife su sun rasu a tsakanin ƙidaya biyu, don haka babu su a kowace. Ba a shafin da nake biya na same su ba. Ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na gwamnati yana da nasa jerin a intanet, kyauta, mai nuna sunan gidan su uwa tun daga 1837. Na sa sunan gidan uba da na uwa, na riƙa matsawa shekara-shekara, sai ga su. Hoton kowace takarda bai kai fam 5 ba. Namiji da mace ne, babu wanda ya kai yaye.

Daga nan baya hanya shimfiɗaɗɗiya ce: 1901, 1891, 1881, 1871, 1861, duk bayan shekara goma ka tarar da su, wani lokaci a ƙauyen, wani lokaci a na gaba, ba su taɓa yin nisan da ya wuce tafiyar yini daga garin Dereham ba. A gurbin sana'a kalmomi biyu ne a taƙaice, "Ag Lab", wato leburan gona. Uba haka, ɗa haka, maƙwabci haka, har malamin ƙidaya kan gaji ya riƙa ɗiga alamar maimaici har ƙarshen shafi. A 1851 babu sana'ar maza da ta kai ta yawan mutane a Ingila, sun haura miliyan ɗaya. Wannan yawan shi ne matsalar mai nema. Mai gandu yana barin wasiyya, da takardar gona, da dutse a kan kabarinsa. Ɗan ƙwadago ba ya barin ko ɗaya.

A ƙidayar 1851 na tarar da dattijon nan na hoto, ko dai wanda muka yarda shi ne, yana ɗan shekara 9, an riga an rubuta masa "Ag Lab". Da farko na ce kuskuren malami ne. Ba kuskure ba ne. George Edwards, ɗan Norfolk da ya kafa ƙungiyar ma'aikatan gona a North Walsham a 1906 har ya zama ɗan majalisa daga baya, yana ɗan shekara shida ya fara korar hankaki a gona, ana ba shi sule ɗaya a mako. Uba a lokacin sule 8 ko 9 yake samu, in ba a yi ruwan da ya hana aiki ba, kuma sule 20 ne fam guda. Sulen yaro abinci ne. Sai na bi yaron nan gaba: a 1911 yana da shekara 69, har yanzu leburan gona. Fanshon tsofaffi na sule 5 a mako ya fara a Janairun 1909, amma sai wanda ya cika 70. Saura masa shekara guda.

Ƙidayar 1841 kuwa sai an yi hattara da ita. Ita ce ta farko mai sunan kowa da kowa, amma duk wanda ya wuce 15 an rage shekarunsa zuwa biyar-biyar, mai 34 ya koma 30. Ba ta faɗin wane ne wa a gida, ba ta faɗin ƙauyen haihuwa, sai dai e ko a'a, a wannan lardi aka haife ka? Da fensir aka rubuta yawancinta, ya kuma dusashe. Shafin bai gargaɗe ni a kan ko ɗaya ba. Yana ɗaukar 30 ɗin nan ya lissafa maka shekarar haihuwa gaba gaɗi, kamar ya halarci sunan.

To, mu zo inda na ji haushi.

Kwafar sunaye a shafin akwai gyara. A 1871 iyalin gaba ɗaya suka ɓace mini har mako uku. Na nemi mutuwa, na nemi ƙaura, na nemi jirgin Kanada, tunda dubban talakawan Norfolk sun tafi can a tsakiyar shekarun 1830 da kuɗin gundumominsu, wasu kuma sun bi bayan 'yan'uwa. Ashe suna nan gidansu. Wanda ya kwafa ya karanta babban harafin farko na sunan a matsayin wani harafi dabam. Dabarar da ta fisshe ni: na share sunan gida gaba ɗaya, na bar sunan yanka, da shekaru, da ƙauyen haihuwa. In hakan ya ƙi, a buɗe littafin ƙauyen a bi shi gida-gida, ƙauyen mutum ɗari huɗu ba ya cin awa guda. Kuma ba duk laifin mai kwafa ba ne. Sunan gidan nan na gan shi da rubutu iri huɗu, domin masu shi ba su iya gyara wa limamin coci ba, abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa. Haka sunayen garuruwa. Mutanen Norfolk suna rubuta Wymondham su ce Windam, su rubuta Happisburgh su ce Hezbra. Na ɓata dare guda ina neman wani gari Windham a taswira.

Wannan mai sauƙi ne a kan abin da suke kira shawarwari. Kana sa suna, shafin zai fara ƙyafta maka ido: ga wanda muke zaton uban wane ne, mutum goma sha biyu sun riga sun sa shi a tasu salsalar. Latsawa ɗaya, ka ƙara kakanni shida. Na latsa, ban ɓoye ba. Kafin sha biyun dare na kai surukata ga wani attajiri mai tambarin gida da katafaren gandu a ƙarni na sha bakwai. Da safe, da ido ya washe, na duba sai na ga wata mata a jerin ta haihu tana da shekara 61, wani kuma an yi masa baftisma kafin auren kakarsa. Mutum goma sha biyun nan ba shaidu goma sha biyu ba ne. Mutum ɗaya ne ya yi kuskure, sha ɗaya suka kwafa, ni na zama na sha uku. A ƙauyen da rabin maza John ne ko William, rabin mata Mary ko Elizabeth, suna da shekara ba sa isa hujja. Na tarar da yara biyu 'yan maza zar, suna ɗaya, coci ɗaya, shekara guda tsakaninsu. Littafin binne matattu ne ya raba gardama, ɗayan bai kai shekara biyu ba. Duk salsalolin da shafin ya miƙo mini marigayin suka aurar, suka ba shi 'ya'ya tara. Na goge aikin dare biyu na koma baya.

Ga kuma sabunta biya da kansa. Wasiƙar tunatarwa ta faɗa cikin tarkacen saƙonni, na wayi gari an cire kuɗin wata shekarar. Sai da na yi waya sau biyu aka mayar. Duk mai shiga, ranar da ya biya ya je ya kashe wannan maɓallin.

Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ne ranar 1 ga Yuli 1837. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin a fara a 1538, ko da yake ba kowane ƙauye ne nasa ya kai can ba. A nan shafin ya yi ƙoƙari, akwai hotunan littattafan Norfolk da yawa. Daga 1813 littafin baftisma ya zama mai gurabe, da sana'ar uba da mazauninsa. Daga 1754 ango da amarya da shaidu sai sun sa hannu, wanda bai iya ba ya yi alamar X, dangwalen zamaninsu. Kada a raina shaidun nan, sau da yawa wa ne ko ƙanwa, su ne suka tabbatar mini ina kan gidan da ya dace. Amma da ka gangara ƙasa da 1813, layi ɗaya ne tsirara: wane ɗan wane da wance. A nan na ci karo da bango. Norfolk tana da gundumomin coci sama da 700, mutumin da nake nema kuma bai bar alamar daga wacce ya fito ba.

Wata dattijuwa a ƙungiyar masu binciken asali ce ta ce mini, "Yaro, talaka ba ya shiga takarda sai in ana ƙirga shi ko ya ja wa wani asara. Je ka nemi takardun asara." Zuwa da kai ya fi aike. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na shiga jirgin ƙasa zuwa Norwich, ma'ajiyar takardun tarihi ta lardin. Shiga kyauta ne, jaka a akwati, biro a waje, fensir kawai.

A zamanin da, ƙarƙashin dokar 1662, kowane talaka a Ingila yana da gunduma ɗaya tak da nauyin ciyar da shi ke kanta in ya gaza. In ya nemi taimako a wani wuri, sai a gurfanar da shi gaban majistare biyu, ya yi rantsuwa ya ba da labarin rayuwarsa, don a gano wa zai biya. Ɗaya daga cikin hanyoyin zama ɗan gunduma shi ne saurayi ya yi wa mai gandu barantaka shekara guda cur, yana kwana a gidansa. Shi ya sa wasu masu gandu kan sallami yaro saura 'yan kwanaki shekara ta cika, kada ya zame musu kaya. A Norfolk a wancan zamani ana ƙulla irin wannan aiki ne a ranar bikin coci na Mikalmas ta tsohon lissafi, 11 ga Oktoba.

Aka kawo mini ƙunshin takardu ɗaure da zare. Ta goma sha wani abu ita ce tamu. Takarda ɗaya, ruwan ƙasa, da alamar ninki huɗu, tawada ta koma ja. Mutumin ya ce an haife shi a ƙauye kaza, mil tara daga inda nake ta haƙa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya kama aiki a Mikalmas wurin wani mai gandu, ya cika shekara, ya karɓi ladansa duka. Ya sake wata shekarar a wani wuri amma aka sallame shi saura mako guda. Yana da mata da 'ya'ya uku, ga sunayensu ga shekarunsu. A ƙasa X ɗinsa, tawadar ta ɗan fantsama inda alƙalami ya turje. A bayanta takardar kora: a kwashe shi da iyalinsa a mayar da su gundumar da ya cika shekara. Allura ta tono garma. Takarda guda ta ba ni abin da wata takwas na latse-latse bai ba ni ba, kuma babu ita a shafin, ko a jerin sunayensa. Ba kowace gunduma ce irin waɗannan takardu suka tsira ba, mu dai mun taki sa'a.

A ranar na duba taswirar ushirin coci, wadda aka zana bayan dokar 1836, mai nuna kowane fili da mai shi da wanda ke zaune a ciki. Bukkarsu tana nan da lambarta, ita da ɗan lambu, mallakar mai gandu. In aiki ya ƙare gida ya ƙare. Na kuma leƙa littafin shugaban makarantar ƙauyen na bayan dokar ilimi ta 1870, inda malam ke ta kukan aji ya watse, yara sun tafi tsintar duwatsu, sun tafi kala bayan girbi.

Mama ta so a ce an samu ɗan tawaye a gidan. Ta san labarin 1830, lokacin da leburori suka bi gandaye suna farfasa injin sussuka da ya cinye musu aikin hunturu, abin da ya faro daga Kent ya iso har Norfolk, aka rataye 19, aka kwashe kusan 500 zuwa Ostareliya. Abin da na samo mata bai kai nan ba. Layi huɗu ne a wata jaridar Norwich, cikin sashen jaridu na shafin, wanda shi kam ina yaba masa: an ci tarar kakan kakanta don an kama shi da tarkon zomo a dajin mai ƙasa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai gara shi, ko ba komai sun ci nama.

Ba ta yi dariya ba da na kawo takardar mutuwarsa. A gidan gajiyayyu na Gressenhall ya cika, katafaren ginin jan bulo da aka gina a 1777, wanda bayan dokar talakawa ta 1834 ya koma irin gidan da ake raba miji da mata da 'ya'ya a bakin ƙofa. Yanzu gidan tarihi ne, da gonarsa da dawakan huɗa. Sai a lokacin ta gaya mana cewa kakarta har ta mutu ba ta yarda a bi da ita ta wannan hanyar ba, ba wanda ya taɓa faɗa mata dalili.

In wani ya tambaye ni ko ya biya, zan ce ya biya, amma ba shekara ba. Ya fara da na kyauta: FreeBMD na haihuwa da aure da mutuwa, FreeREG na littattafan coci, da FamilySearch, ga kuma ɗakunan karatu na gari da yawa a Ingila da ke barin mutum ya shiga manyan shafukan a kwamfutarsu ba ko kwabo. In ya tattara tambayoyinsa, ya sayi wata uku, ya bi ƙidaya daga 1921 zuwa 1841, ya buɗe hoton kowace takarda da idonsa, ya sauke ta ya adana, don ranar da biya ya ƙare ƙofa rufewa take. Shawarwarin nan kuwa ya ɗauke su jita-jita. Ragowar kuɗin ya yi na jirgi zuwa ma'ajiyar lardin da mutanensa suka fito. Wanda kakanninsa masu gandu ne ko limaman coci, wataƙila shekara ta yi masa. Na 'yan ƙwadago, shafin yana kai ka ne bakin 1813 ya sauke ka.

Watan jiya muka kai Mama ƙauyen da takardar nan ta ambata. Cocin a buɗe yake, ba kowa. Mun zaga maƙabarta sau biyu, babu dutse ko ɗaya mai sunan gidansu, sai wani fili mai ciyawa ta gefen arewa da ƙasarsa ta yi tudu-tudu. Ta zauna a benci ta sa 'yata ta karanto mata sunayen daga littafin makarantarta, tun daga mai X har zuwa jariran nan biyu. Da aka gama ta juyo ta ce, "Ɗana, shi wannan da aka kora, ba ya da 'yan'uwa ne?" Yana da ƙane guda, an yi masa baftisma a wannan cocin, daga nan ban sake ganinsa a ko'ina a Norfolk ba. Na ce mata in hunturu ya shigo zan sayi wata ɗaya in leƙa Kanada.